Na kai yarana lilon Yamai

Yau kwananmu 9 da dawowa Damagaram, sai yanzu gajiyar hanya ta sake ni har na iya zama in rubuta. Tun kafin hutun damina na yi wa yara alkawari cewa in 'yar farin ta wuce aji zan kai su Yamai wurin kawunsu, su hau lilon da suke gani a wayata. Ta wuce, alkawari kuwa kaya ne. Ita shekararta 8, ƙanenta Auta 5. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, masu 'ya'yan fari sun san dalili.

Surukata ba ta so tafiyar ba. Ranar da na je mata sallama a Birni ta ce, "Yanzu adashinki guda za ki ƙona a mota saboda lilo? Ga igiya, ga bedi a ƙofar gida." Na ce, "Inna, a dai sa mana albarka." Ta sa, har ta kwance bakin zane ta ba kowane yaro dala ɗari. Ni malamar makaranta ce, shekara 11 ina fama da 'yan aji ɗaya da aji biyu, don haka maganarta ta tsaya mini a rai. Adashin jika 100 ne, kuɗin mota zuwa da dawowa ya cinye fiye da rabi, don Auta ma sai da na yankar masa kujerarsa.

Ƙarfe 3 da rabi na dare babansu ya sauke mu a tashar kar, wato manyan motocin fasinja. A jakar hannuna akwai katina, takardun haihuwar yara, da takardar amincewar babansu mai hatimi. Mun tashi wajen ƙarfe 4 da rabi, muka yi asuba a Takeita, inda hanyar Matamaye da Kano ta rabu da tamu. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur. Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, duk yara na barci, hatsi kore shar hagu da dama. A Maraɗi muka karya da shayi da burodi.

Shingayen jami'an tsaro kuwa ban ƙirga ba. A wasu jami'i ke hawowa ya duba kati, a wasu kowa sai ya sauka ya taka a ƙasa ya wuce igiya. A wani shinge bayan Gidan Rumji jami'in ya daɗe yana duban takardun yaran, sannan ya durƙusa daidai tsayin yarinyar ya ce, "Yarinya, wa sunan babanki?" Ta dube ni, na kau da kai. Ta faɗa da 'yar ƙaramar murya. Ya nuna ni ya ce, "Wannan fa?" Auta ya riga ta, da ƙarfi: "Mamarmu ce!" Jami'in ya yi dariya, ya miƙo takardun, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Hajiya." Wata mata a bayana ta yi tsaki wai ana ɓata mana lokaci. Ni ban ji haushi ba. Duk ɗan jihar Damagaram ya san abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara daga kudancin jiharmu, ƙishirwa ta kashe su. Wanda ya tambayi yaro sunan ubansa a hanya aikinsa yake yi.

Tsakanin Madawa da Galmi ruwa ya tsuge. Muka tarar da wani kwari ya cika ya haye kwalta, motoci sun yi layi, muka yi zaman sama da awa guda ana jiran ya janye. A nan Auta ya yi amai a jikina, sanyin na'urar motar ya hana shi sakat, ya fara kukan a mai da shi gida. Wata dattijuwa 'yar Tawa da ke kujerar gefe ta ciro lemun tsami ta ce in ba shi ya riƙa shinshina, ta yafa masa mayafinta. Har muka rabu a Ƙonni ban san sunanta ba, shi kuwa yana ta kiranta Kaka. A Ƙonni muka yi azahar, muka ci shinkafa da miya a tsaitsaye, direba na ta danna oda.

Daga Dogon Dutsi harshe ya fara canzawa, masu talla na haɗa Hausa da Zabarmanci. Bayan Doso yarinyar ta taɓa ni: "Mama, mene ne wancan ƙarfen da ke bin mu?" Layin dogo ne, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, tsakanin 2014 da 2016, amma jirgi ba ya bin sa. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan, awaki na kiwo a kai. Na yi mata bayanin jirgin ƙasa iyakar iyawata, na ga bai shige ta ba. A Kure na ce su zuba ido ko Allah zai sa su ga raƙuman dawa, waɗanda su kaɗai suka rage irinsu a Afirka ta Yamma, har a 1996 saura 49 kafin a kare su su sake yawa. Ba mu yi sa'a ba. Auta ya yi barci goshinsa manne da gilashi.

Bayan isha muka shiga gari. Yayana, mai gyaran wutar gidaje ne, ya tarbe mu ya kai mu gidansa na haya a Talladje, ciki da falo, mu da matarsa da 'ya'yansa uku. An ajiye mana dambun zogale. Sauron Yamai ya fi namu naci, ba don gidan sauro ba da ba mu runtsa ba.

Washegari da la'asar Yaya ya ce kafin lilo sai sun gai da kogi. Muka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ruwan ya yi ja saboda damina, faɗinsa ya cika ido. Auta ya riƙe ƙarfen gada da hannu biyu, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, nawa ake sayar da bido a nan?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Yaron nan tun da ya buɗe ido abin da ya sani game da ruwa shi ne jerin bidoji a bakin famfo da 'yan garuwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan shanmu daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo da Macaya. Na gaya wa yayarsa cewa Damagaram ce babban birnin ƙasar nan har 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka mai da shi bakin wannan kogin.

Rana ta uku, Asabar, muka je wurin wasan. Tun daga ƙofa kiɗa ke tashi, fitilu ja da kore, ƙamshin gugguru. Na yanke shawara tun daga gida cewa ba ni zan riƙe kuɗin ba. Na ba kowannensu jika biyu a hannu, na ce kowane wasa da kuɗinsa, in sun ƙare sun ƙare. A jikin tagar tikiti an rubuta 500 F. Yarinyar ta karanta, ta dubi takardun hannunta, mai sayarwa ya ce mata da Zabarmanci, "Zangu." Ɗiyar Yaya ta fassara: ɗari. Ta tsaya tana motsa yatsu, sannan fuskarta ta washe: "Mama, ashe 500 ɗin makaranta ita ce dala ɗarin kasuwa!" Wannan abu shekara da shekaru nake fama da shi a allo. 'Ya'yanmu a gida da dala suke lissafi, a aji da faran, sai an ninka sau 5 ko an raba, kuma da yawa har su kai aji huɗu ba su haɗa biyun a kansu ba. Ita a gaban taga, da kuɗinta a hannu, ta haɗa cikin minti guda. Ta ƙirga ta ce wasa huɗu ke gare ta, da na Kaka, wato wanda Inna ta ba ta, biyar.

Daga nan halin kowa ya fito. Auta ya ruga gidan tsalle na iska, ya fito, ya sake biya ya koma, tikiti biyu sun tafi kafin a ce kwabo. Ita kuwa ta ƙi taɓa nata, sai da ta zagaye wurin kaf, hannu a baya, tana duban kowane wasa da tsawon lokacin da yake ɗauka. Ta dawo ta ba ni rahoto cewa dawaki sun fi jirgi daɗewa.

Layi ya ba Auta wuya. A famfon unguwarmu bido ke riƙe wa mutum wuri, ka ajiye ka tafi wasanka. Ya cire takalminsa ɗaya ya ajiye a layin dawaki zai wuce, saurayin da ke tsaron ƙofa ya kira shi ya ce, "Ƙanena, nan da ƙafarka ake tsayawa." Ya tsaya, yana ta mutsu-mutsu, har zagaye uku. Ana nan sai wani yaro mai tsadaddun kaya ya kutso gaba, mahaifinsa na biye da shi da makullin mota a hannu. Saurayin ya mai da shi baya cikin ladabi, uban bai ce uffan ba, ya kama hannun ɗansa suka bi layi. Auta ya bi su da kallo har ƙarshe. Ban ce masa komai ba, ya gani da idonsa.

Da ya hau dokin bai burge shi ba. Yaron da ake ɗora wa a kafaɗa kowace Salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ga dawaki da lifidi da algaita, dokin roba ba zai ruɗe shi ba. Abin da ya ɗauke hankalinsa shi ne sandar ƙarfen da ke ɗaga dokin tana sauke shi. Duk zagayen kansa na sama, yana neman abin da ke jan ta. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Kiɗa ya mutu, dawaki suka yi ta rage gudu har suka tsaya, yara suka sa ihu. Can bayan katanga inji ya yi tari ya kama, fitilu suka dawo, dawaki suka ci gaba. Da ya sauko ya ce, "Kawu, dokin kuran yake ci?" Wutar lantarki yake nufi. Yaya ya ɗauke shi ya kai shi ya leƙa injin ta ƙofar waya, ya nuna masa igiyar wuta daga injin har gindin dawakin, ya ce shi kuma injin gazuwal yake sha, wataƙila ma daga matatar man garinku da aka buɗe a 2011. Auta ya ce to ashe namu ne.

Kuka mai tsanani a wurin motocin karo aka yi shi. A ƙofa akwai sanda mai jan layi, duk yaron da kansa bai kai ba ba ya tuƙi. Auta ya tsaya, saura kamar yatsu huɗu. Ya yi ɗage, saurayin ya girgiza kai. Ya faɗi ƙasa yana birgima. Matar Yaya ta ce a roƙa masa, ni na ce a'a, don na ga yadda motocin ke gwaruwa, wuyan yaro ƙarami ba zai ɗauka ba. Na zauna da shi a benci har ya yi shiru. Ya ce, "Mama, yaushe zan kai?" Na ce in yana cinye tuwonsa, wataƙila baɗi. Yayarsa ta shiga, aka yi ta bugun ta ta ko'ina, sai da ta gane in ta juya sitiyari da yawa motar baya take yi. Ta fito tana haki tana tambayar tartsatsin da ke fita a saman sandar motar. Yaya ya nuna mata ragar ƙarfen da ke rufin: wuta ta nan take saukowa ta sandar, ta juya injin motar, ta fita ta daɓen ƙarfe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai lilon sarƙa ne, mai kujeru rataye da ke juyawa har su buɗe kamar laima. Tun a Damagaram shi take ambato, da ta gan shi ido da ido sai ƙafarta ta ƙi. Ɗiyar Yaya ta ja ta, ta fizge. Ban lallashe ta ba, ban kuma ce matsoraciya ba, na hana kowa faɗa. Ta tsaya ta kalli zagaye uku. Ta ce, "Mama, me ya sa in ya yi sauri kujerun ke fita waje?" Na tuna mata majajjawar da yara ke korar tsuntsaye da ita a gonar kakanta: dutsen so yake ya tafi gaba, igiya ke riƙe shi, in ka ƙara gudu sai ya ƙara ja. Ta ce, "In sarƙar ta tsinke fa?" Tambaya ce ta gaskiya, don haka na kama hannunta muka je, na ja sarƙar da ƙarfina a gabanta, na duba ƙugiyar da ƙarfen da ke tare ciki. Duk uwar da za ta ɗora ɗanta a irin wannan abu ta yi haka, kada ta ji kunyar kowa. Ta hau. Zagayen farko idonta a rufe gam, ta ƙanƙame sarƙa. Ta sauko ƙafafunta na rawa, ta yi shiru, sannan ta ciro tikitinta na ƙarshe ta koma layi. A karo na biyu na ga idonta a buɗe, ɗankwalinta na kaɗawa, tana neman inda nake. Yarinyar nan a aji ko an san ta san amsa ba ta ɗaga hannu.

Dala ɗarin Kaka a jirgin ƙasa suka kashe ta, su biyun. Ɗan ƙarami ne, taragu huɗu, yana zagaye wani lambu. Da ya tsaya yarinyar ta tsuguna ta duba ƙafarsa, ta ga bakin da ya kama ƙarfen ta ciki. Ta ce shi ya sa ba shi da sitiyari, kuma irin wannan ƙarfen ne muka gani a Doso. Bayanin da na yi a mota bai shiga ba sai a nan.

Ba duk abin da ke wurin na yaba ba. Akwai wani ɗaki mai duhu cike da allunan wasan harbi, yara sun yi cirko-cirko, na hana nawa shiga. Ruwan leda da muke saye dala biyar a waje, a ciki ninki ne, gara mutum ya zo da gorarsa. Kuma na ga iyaye da yawa zaune sun duƙufa a waya, yaro ya sauko da gudu bakinsa cike da magana, a ce masa je ka ƙara. Wannan ya dame ni ƙwarai. A ajina yara sun haura 70, ni ke tambaya su amsa baki ɗaya, mai tambayar kansa ba ya samun wuri. A nan cikin awa uku yarana biyu sun yi mini tambayoyin da suka fi na wata guda, kuma kowace daga abin da jikinsu ya ji ta fito. In ba wanda ya tsaya ya amsa, kuɗin tikitin ne kawai aka kashe.

Kafin mu juyo muka ba gidan tarihi na ƙasa yini guda, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokoki. An kafa shi a 1959, fili ne babba mai ɗakunan tarihi da gidan namun daji da rumfunan masu sana'a, kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba. Sun ga zaki, kura, jimina, da dorina da ta buɗe baki Auta ya ɓuya a bayana. Amma ƙasusuwa ne suka tsai da su. Akwai ƙwarangwal ɗin wani kada na zamanin da, tsawonsa ya haura mita 9, an tono shi a Gadufawa cikin hamadar Agadas, shekarunsa wajen miliyan 110. Auta ya ce, "Wa ya cinye naman?" Yayarsa kuwa ta ce ai kada a ruwa yake zama, me ya kai shi hamada? Na ce a wancan zamani wurin koguna ne da dazuzzuka. Ta dubi wajen kogi ta yi shiru. Na ƙara musu da labarin wata dabbar da aka tono a can, aka sa mata sunan ƙasarmu, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. Auta ya sa yatsa a baki yana ƙirga nasa.

Mun ga itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayari na gane hanya da shi, har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973 aka kawo gangar jikinsa nan. A ɓangaren gidajen gargajiya suka shiga bukkar Fulani da tantin Buzaye, da suka iso gidan ƙasa na Hausawa suka ce gidan Kaka ne. A rumfar dukawa wani dattijo na ɗinkin jaka ya ji maganarmu ya ɗago: "'Yata, daga Damagaram?" Na ce, "Eh, Baba." Ashe ɗan Zango ne, shekara 30 yana Yamai. Ya tambayi damina, ya tambayi ruwa, ya ba yarinyar basilla ta huda fata da hannunta, ya ƙi karɓar kuɗin 'yar jakar da ya rataya mata.

Dawowa ba wani labari, sai tsarabar albasar Galmi da kilishi, da barci.

Kwana biyu da isowarmu muka je gai da Inna. Ba ta tambaye ni komai ba, jikokinta ta tambaya. Yarinyar ta ɗauko bokiti da ruwa kaɗan ta wulwula shi sama da ƙasa a tsakar gida, ruwan bai zube ba, ta ce haka lilon yake. Auta ya tara 'ya'yan maƙwabta ya jera su a bayan turmi, ya yayyaga ganyen bedi ya ce tikiti ne, duk wanda ya ajiye takalmi sai ya kore shi baya. Da magariba ta gabato ya ja hannun kakarsa zuwa bangon zaure, ya manna bayansa, ya ce ta auna shi. Ta ce, "Auna me, maigidana?" Ya ce akwai motar da ke jiran sa a Yamai. Ta aiki yayarsa madafa ta kawo gawayi, ta dafa kansa ta ja layi, ni kuma na ɗora yatsu huɗu a sama ta ja na biyu.